Wa Ya Haɗiye Ƙwayar Ludo?

Litinin

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya kewar gida? Direba na ba takardar nan don maganar ba ta waya ba ce. Kin san mijina Hedimasta, ko gyangyaɗi yake kunnensa na aiki.

Auta, Allah ya shirye ki. Duk abin da za ki aiko wa 'yarki mai shekara huɗu ki rasa, sai kwalin ludo mai macizai a bayansa? Wasu koraye da harshe a waje, ko kallonsu ba na son yi. Wata biyar ke nan da kika tafi makarantar jinya kika bar min 'Yar Aku, ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba, sai da kwalinki ya shigo gidan nan.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, ta so shi. Kullum da yamma sai ta shimfiɗa shi a tabarmar falo, ta jawo ni ta jawo Hedimasta. Har ta iya ƙirga ashirin. In ta hau tsani ta yi tsalle, in maciji ya cafke ta ta murguɗa masa baki ta gangara ƙasa.

Shekaranjiya ina kicin, su biyu suna yi, sai na ji shiru. Ko da na fito, ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo da ake jefawa ta ɓace. Muka ɗaga tabarma, muka ja kujeru, babu. Hedimasta ya ce shi dai kamar ya ga ta kai hannu baki. Na ce, "Haɗiyewa kika yi?" Ta ce, "Ban haɗiye ba." Na ce rufe min baki, ke da ko murfin biro ba ki bari.

Mai kemis ya ce a ba ta ayaba da gwanda a jira ta fito. To, ni ce mai jiran. Safe da yamma ga ni a gaban fo, da tsinke da tsohuwar rariya, gyale ɗaure a hanci. Da furfurata! Na wanke hannu har ya yi fari, amma da na kai loma baki sai in mayar da ita kwano. Shi kuwa ko ta ƙofar banɗakin ba ya bi, wai warin na sa masa ciwon kai.

Kada ki tada hankalinki, tana ci tana wasa. Ki huta lafiya.

Yayarki

Laraba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida.

Kada in tada hankalina? 'Yata ta kwana biyu da roba a ciki kafin a ga damar gaya min, kuma a takarda! Manya biyu a gida, ɗaya ma shekara talatin yana riƙe da makaranta, amma yarinya ɗaya ta gagare ku kallo. Kuma mai kemis, Yaya? Ki kai ta asibiti yau, a yi mata hoto. In ta yi amai ko cikinta ya kumbura ki kira ni, ko ina aji zan fito.

Laifin kwali kike gani, alhali an rubuta a jikinsa cewa sai da babba a kusa.

Na yi magana da kakarta ta wajen uba, ta ce tana so ta riƙe yarinyar. Ranar Asabar ta sama direba zai zo ya ɗauke ta. Na san yadda kike ji da ita, na san gidan zai yi miki faɗi, amma ba zan iya karatu hankalina a rabe ba.

Ki yi haƙuri da zafina.

Auta

Juma'a

Auta,

Gaisuwa irin ta kullum. Takardarki ta iso, kuma na haɗiye abin da ke ciki, ni dai nawa ba sai an tace ba.

Mun je asibiti. Muka yi layi tun safe, aka tuɓe yarinya aka kwantar a kan ƙarfe mai sanyi, tana ihu tana riƙe zanena. Likita ya ce bai ga komai ba, amma roba ba kullum take fitowa a hoto ba, a ci gaba da dubawa. Na ci gaba. Kwana shida, Auta. 'Yar Aku da ba ta gajiya da surutu ta koma sai a tambaye ta sau uku kafin ta amsa. In ta ga ayaba kuka take.

Yau da hantsi na zauna wanki. Na ɗauko shuɗiyar rigar Hedimasta daga ƙasan kwando, ina zazzage aljihu kamar yadda na saba, sai wani abu ya faɗa cikin bokiti, ƙwas. Na sa hannu. Ƙwayar ce, fes da ita.

Na same shi a falo yana karanta jarida, na ajiye masa ita a kan gwiwa. Na ce, "Malam, ta fito." Ya ce, "Alhamdu lillahi," har da ɗaga hannu. Na ce, "Daga aljihunka." Sai ya shiga goge tabarau.

Wallahi duk abin da na tace a rariyar nan bai ba ni ƙyanƙyami ba kamar fuskar mutumin nan a lokacin. Yana zaune yana kallona ina wucewa da fo, yana tambayata wai an dace? Shi ya riƙe mata ƙafa a asibiti!

Ban so in gaya miki ba, mijina ne, asirinsa nawa ne. Amma gara ki san shi da ki ci gaba da ɗaukar 'yarki maƙaryaciya. Na ce ya rubuto miki da hannunsa.

Yayarki

Juma'a

Zuwa ga ƙanwata mai daraja,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, tare da addu'ar samun nasara a jarrabawa, na rubuto ne domin in yi ƙarin haske a kan abin da ya wakana.

Da farko, ya kamata a sani cewa wannan wasa ba shi da tsari. Babu dabara a cikinsa, babu lissafi, sa'a ce zalla. Mutum zai kai gida na casa'in da takwas, maciji ya mayar da shi ƙasa ba tare da wani laifi ba. Hakan ya same ni sau uku a ranar. Yarinyar kuma ta cinye ni kwana tara a jere, har ta fara gaya wa maƙwabta.

A ranar, saura mata gida uku. Na ɗauke ƙwayar ne da nufin a ɗan dakata. Da yayarki ta fito da faɗa, sai magana ta kuɓuce min. Na so in gyara washegari, na ga abin ya riga ya yi nisa.

Ina fatan za a dubi al'amarin da idon basira. Na yi kuskure.

Naki,
Mijin yayarki

Talata

Auta,

Ina gaishe ki. Kin ga takardar ƙarin haske ko? Na karanta kafin ya liƙe, kalma ukun nan na "Na yi kuskure" ne kawai suka yi min kama da maganar mutum.

Na ce ba ni zai ba haƙuri ba. Jiya da yamma na shimfiɗa kwalin, na zaunar da shi a tabarma gaban 'Yar Aku. Ya yi gyaran murya sau biyu, ya fito da ƙwayar ya ce, "Ga ta, a aljihuna take."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Na sani. Na gan ka."

Na ce, "Kin gan shi? To don me ba ki faɗa ba, aka yi ta wahalar da ke?"

Ta ce, "Ke kika ce in babba ya yi magana yaro ba ya cewa ƙarya ne."

Auta, ni na koya mata. Da bakina, ba sau ɗaya ba. Ta gaya min iya abin da na bar mata damar faɗa, ta ce ban haɗiye ba, na ce ta rufe min baki. Kwana huɗu ina ƙyamar mutumin nan, yanzu ban san wa zan fi ƙyama ba, shi ko ni.

Ta ce a ƙarasa wasan daga inda aka tsaya, har gidan da take ba ta manta ba. Ta jefa sau biyu ta cinye shi. Ba ta yi tsalle ba, sai ta ce masa, "Kada ka yi kuka, gobe kai ma za ka ci."

Na wanke kayanta na haɗa a jaka, kwalin na sama. Ba zan roƙe ki ba, ba ni da bakin roƙo. Ina dai sonta, kin sani.

Yayarki

Alhamis

Yaya,

Na gaishe ki. Na karanta, na yi kuka, na yi dariya, na sake yin kuka. Ni ma da na kira ta a waya, "Me ya sa kika haɗiye?" na ce mata.

Direba zai zo jibi. Na ce ya zauna a tabarma ya tambaye ta inda take son zama, ke da Hedimasta ku ba su wuri. Duk abin da ta faɗa, wannan karon a yarda da ita.

Ki jefar da rariyar nan.

Auta