Iya, Ashe Ba Kunyata ke Tashinki Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Iya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, Allah ya haskaka makwancinki. Ni ne ɗanki na fari, wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba. Shekara uku da rasuwarki, yau na zo miki da ƙorafi.

Ƙanwarki Inna Hure ta samu sauƙi. Ciwon marar nan da ke sa ta zaryar bayi, ɗanta Sani ya kai ta asibiti a Kano. Likitoci suka zura siririn bututu mai kyamara, suka ga gyambuna a cikin mafitsara, suka ƙone su da wani haske da ake kira leza. Sun ce yana iya dawowa, amma yanzu dai ta huta. Jiya na je Sandamu yi mata barka. Iya, da alwalar Azahar ta yi La'asar. Tana zaune kan tabarma, Sani na gefenta yana zuba mata surutun awakinsa, ko motsi ba ta yi ba.

Aka dama mini fura na kasa sha. Kishi nake yi, ba zan ɓoye miki ba. Sani, wanda ko gaisuwar kirki bai iya ba, shi Allah ya ba uwa mai zama.

Kin tuna ranar kasuwar Mai'adua, in na taso nakan biyo ta gida in durƙusa bakin ƙofarki? Kafin in kai "ina gajiya" kin jawo buta kin miƙe. Ki dawo, in fara ba ki labarin shanun da na sayar, ki sake miƙewa. Na ɗauka kunyar ɗan fari ce. Har alfahari nake wa abokaina, ina cewa uwata ta riƙe al'ada, ba irin iyayen zamani ba. Don in sauƙaƙa miki sai na rage zama, na koma gaisuwa a tsaitsaye, daga baya ma sai aike.

A hanyar dawowa daga Sandamu autarki Bilki ta saki baki a mota. Wai ai irin ciwon Iya ne sak. Wai shekara goma kina fama, kuna ce masa sanyi, ita ke tafasa miki saiwoyi. Wai kin ja mata kunne: "Ba a kai wa ɗan fari zancen mara." Na tsayar da motar a gefen titi, ko faɗa na kasa yi mata.

Ita ma ina kishinta. Ta san nishinki, ni kuwa bayanki na sani da butarki. Ni ke da mota, Iya, Kano kuma ba Makka ba ce. Ko da a lokacin ba su iya yi miki komai ba, da dai kin zauna kusa da ni tun daga Daura har can, ko da za mu tsaya a kowane ƙauye.

Na san ba wannan ciwo ne ya ɗauke ki ba, kwana ne ya ƙare. Na kuma sha jiyo ki daga zaure kina ce wa ƙannena hassada ga mai rabo taki ce. To na ji. Zan koma in yi wa Inna Hure barka ta gaskiya, in shanye furarta, amma ba wannan makon ba.

Butar nan tana wurina. Bilki ta so ɗauka na hana ta, ita ai ta samu rabonta.

Allah ya gafarta miki, ya sa wahalar da kika ɓoye ta zama kaffara. Ya yafe mini ranakun da na aiko maimakon in zo. Ya haɗa mu a Aljanna, a can ki zauna har in gama gaishe ki. Ba sai kin kira sunana ba.

Wassalam,
wanda kike ce wa "yaron nan".