Kiran 'Yar Fari a Bakin Ƙofa

Bagudo,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ya ƙafar taki? Ya Baba da mutanen Matsinkai? Mu nan lafiya lau. Ƙawarki, jikar taki, ta fara gudu, ba abin da ya tsira a gidan nan, har kajin maƙwabta sun san ta.

Inna, takarda na rubuto don abin da ke raina ba ya faɗuwa a waya. Zan fara aiki a ƙaramin asibitin nan, dole in riƙa barin 'yar nan a hannun wani daga safe zuwa azahar. Maigidana ya kafe sai nazare, makarantar ƙananan yara. Wai ya ga irinta a ƙetaren Benin in ya je sarin kaya, yara kamar 'yan tsaki suna waƙa a layi. Ni kuwa raina ya tafi wajen Goggo Rabi, wata tsohuwar Bafulatana mai rainon yara a bayan unguwarmu.

Gidanta akwai sanyi, Inna. Inuwar mangwaro, tabarmi, ƙamshin kindirmo da hayaƙin itace. Ta goya ɗaya, tana jijjiga ɗaya a cinya, tana waƙa da Fillanci can ƙasa-ƙasa. Ina zama sai na ji ni a bayanki, kina tafiya fadamar shinkafa, kunnena manne da ke ina jin muryarki ta ciki, ruwa yana ƙyalli, balbelu suna tashi a hankali. Ban san na yi gyangyaɗi ba sai da Goggo ta sa mini dariya. Kuma ba ta tambaye ni sunan yarinyar ba. Ta san 'yar fari ce, ta san uwa ba ta kama sunan 'yar fari, sai ta tambayi maƙwabciyata.

Mun yi da maigidana za a gwada nazaren mako guda, sannan a yanke shawara. Ki sa mu a addu'a. A gaishe da kowa da kowa.

Taki,
'Yarki ta Bagudo.

Bagudo,
Ranar Juma'a.

Innata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, da Baba da duk gida. Allah Ya ƙara sauƙin ƙafa.

An gwada, Inna. Ashe suna da doka: in an tashi, yara za su zauna a baranda, ba mai motsi sai uwarsa ta tsaya bakin ƙofa ta kira sunansa da ƙarfi, wai don kada wani ya ɗauki ɗan wani. Ranar farko na tsaya, bakina ya ƙi buɗuwa. Ƙawarki ta hango ni ta miƙe, ta ɗaga mini hannaye biyu, malama ta zaunar da ita. Mata suna ta kira, yara suna ta fita, ni ina tsaye ina murza bakin gyale. Ta sake ɗago hannu, aka sake zaunar da ita. Daga nan ba ta ƙara ba, kuma ba ta yi kuka ba. Ta dai zuba mini ido.

Na san kallon nan, Inna, don ni ma na yi shi. In kina raba mana tuwo kina kiran ƙannena ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ni sai ki ce ke. Na san kunya ce, na san kina sona, amma yaro bai san kunya ba. Nakan zauna bakin rijiya ina raya yadda sunana zai fito daga bakinki, ko za ki ja shi, ko za ki datse shi.

Sai na rufe ido na ce Safina. Na ji kamar na yi saɓo. Kin san me ta yi? Waiwayawa ta yi bayanta tana neman mai kira, don ba ta taɓa jin sunan da muryata ba. Na sake faɗa. Ta ƙyalƙyale da dariya ta taho a guje, takalmi ɗaya a hannu.

Nazare na zaɓa. Maigidana yana ta hura hanci wai shawararsa ce ta ci, na ƙyale shi. Wajen Goggo ya fi sanyi, ya kuma fi mini sauƙi, amma can ba mai tilasta mini in buɗe baki, sai 'yata ta girma tana jira. Da na gaya wa Goggo ta riƙe haɓa tana salati, daga baya ta dama mana fura, ta ce in riƙa kawo mata yarinyar ran Asabar.

Ba ƙorafi nake ba, Inna, ki yafe mini in na yi rashin kunya. Na san Baba ne yake karanta miki. Baba, don Allah in ka iso nan ka tsaya, ka miƙa mata takardar. Layin ƙarshe da ajami na rubuta shi, yadda take iya karantawa. Inna, sunana ne, ki faɗe shi ko a hankali ne, ko ba na kusa.

Taki har kullum,
Ni'ima.