Man Gwiwar Inna a Cikin Moton Ayuba

Tama, ƙasar Buza,
farkon damana, 1943.

Zuwa ga ƙanena Ayuba, soja a Dakar.

Da sunan Allah nake farawa. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinka, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Allah ya tsare mini kai a ƙasa da kan ruwa, ya sa ka gama aikin sojan nan ka dawo mana da ƙafafunka. Mu nan lafiya lau muke. Inna tana nan da ƙarfinta, in ka cire gwiwar nan tata da ke tashi duk sa'ad da hadari ya haɗu. Matata Biba tana gaishe ka, ƴarmu Husaina kuwa ta fara tafiya, har ta fasa mana ƙwarya. Ruwa ya sauka, mun yi shuka, hatsi ya tsiro da kyau.

Yanzu ka gyara zama, don labarin moton nan mai ƙafa biyu da ka bar mini amana zan ba ka, kuma na san tun kafin ka gama karantawa za ka fara zagina a zuci. Ka yi haƙuri ka kai ƙarshe tukuna. Ka san fadamar Baba, Allah ya jiƙansa, inda muke albasa. A bazarar nan maƙwabcinmu Ɗan'azumi ya tashi ya ce gefen rijiya nasu ne, tun yana yaro yake ganin mahaifinsa yana noma wurin. Ni na san aro ne Baba ya ba su shekarar yunwa, amma sanina ba shaida ba ne. In gefen rijiya ya tafi, sauran fadamar ba ta da amfani, da me za mu yi ban ruwa? Alƙali ya ce ba zai bari a shiga damana da rigima ba, zai zo har fadamar ranar Laraba, in ban kawo wanda ya ga aron da idonsa ba, zai ba Ɗan'azumi Alƙur'ani ya rantse ya ɗauka. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya gani, shi ne Baba Jika, aminin Baba, wanda ya koma Azarori wurin ƴarsa. Na aika a ɗauko shi da raƙumi, ɗan aiken ya dawo shi kaɗai. Tsohon ya ce ƙugunsa ba zai iya yini biyu a kan raƙumi cikin wannan rana ba, wahalar safiya guda dai zai iya daurewa saboda aminci.

Safiya guda daga Azarori zuwa Tama, ai sai motonka. Na yaye tabarmar da na rufe shi da ita, na tono garwar isansi, wato fetur, da ka binne, na goge buji, abin tartsatsin wutar nan, kamar yadda ka koya mini. Da na leƙa wurin man inji sai na ga ɗan abin da ya rage bai cika cokali ba, ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Ka san tsohon nan naka ba ya ajiye mai, sha yake yi yana zubarwa, sai kana tafe kana danna masa famfo. Na aika garajin Madawa inda ka yi aiki a nemo mini mai, suka ce tun da yaƙi ya tsananta ko kamiyon gwamnati mai ɗaukar kaya da ƙyar yake samu. Abin da na yi daga nan, kada ka faɗa wa abokanka su yi mini dariya. Na ɗauki man gyaɗar Biba na ɗura masa. Ya tashi kuwa, na zaga gari ina buɗa kafaɗa, ƙamshin ƙosai yana bina, karnukan unguwa duka suna biye da ni. Ban kai bakin gulbi ba inji ya ɗauki zafi, ya fara ƙara irin ta mai tari, na kashe shi na turo shi gida ina zufa, Biba tana tsaye a ƙofa tana tambayata ko ƙosan ya nuna.

Da labari ya bazu sai Alhusaini ɗan kasuwa ya zo da wani gwangwani a rufe, da rubutun nasara a jikinsa, ya ce man ƙarfe ne, ya ba ni kyauta saboda Baba. Dattawan zaure duka suka ce magana ta ƙare, abin nasara sai man nasara. Na huda gwangwanin na ɗiga a yatsa, sai na ji shi tsararo kamar ruwa, ina jin na keken ɗinki ne ko na bindiga. Nan na tuna abin da ka gaya mini ranar da za ka tafi, cewa cikin wannan injin ya saki don tsufa, mai kauri yake so wanda zai cike masa giɓi, kuma kada in kuskura in haɗa masa mai iri biyu. Na faɗa wa dattawa haka, suka ce taurin kaina ne ya motsa, wanda duk garin ya san shi. Ba su yi ƙarya ba, ina da shi, amma wannan karon tsoro ne ya fi yawa. In inji ya mutu a tsakiyar dutse da tsoho a bayana, na rasa fadama, na kashe amanarka, wataƙila in kashe Baba Jika ma da ƙishirwa.

Inna ce ta raba gardamar, tana zaune tana shafa wa gwiwarta man zurma. Ta ce ita ba ta san inji ba, amma ta san maganar ɗanta. Wai wata rana kana shafa mata man nan ka shinshina hannunka ka yi dariya, ka ce warinsa ɗaya da man da nasaran da ya fara mallakar moton yake zubawa. Ni ban taɓa jin wannan ba, ita kuwa ta riƙe shi kamar yadda take riƙe duk abin da ya fito daga bakinka. Ban yarda nan take ba. Na kwashi mai ukun na tafi maƙerar Mato, na sa ya gasa mini tsohon ruwan hauya, ba har ya yi ja ba, ya karkata shi, muka ɗiga kowanne a gaban dattawa. Na gwangwani ya gangara da gudu, ya yi hayaƙi, ya ɓace. Na gyaɗa ya yi ƙara ya bar ƙanzo baƙi. Na zurma kuwa ya sauko a hankali, ya manne wa ƙarfen, har hauyar ta huce yana nan da santsinsa. Mato ya murza shi a yatsa ya ce in shi ne, da wannan zai tafi. Alhusaini bai ji haushi ba, ya ce in riƙe gwangwanin in riƙa ɗiga wa sarƙa.

Sai dai kwalbar Inna ba za ta kai ni ko'ina ba. Biba ta shiga gida gida tana roƙon ƴaƴan zurma, matan unguwa suka taru a gidanmu, suna soyawa suna dakawa suna tafasawa, suna kwashe man da ya taso. Na tsaya a kansu sai an ƙone ruwan da ke ciki sarai, an tace da ƙyalle har ya yi garau, suka ce ko surukuwa ba ta kai ni fitina ba. Ni kuma na kwance gindin inji na tsiyaye man gyaɗa da tsohon baƙin man, na wanke cikin da ɗan isansi, na bar shi ya bushe, saboda kashedinka. Da muka auna sai muka ga akwai sauran giɓi. Inna ta miƙo kwalbarta, ta ce a juye duka. Na ce gwiwarta fa, ta ce gwiwa ba ta zuwa Azarori.

Na isa Azarori ranar Talata lafiya, inji yana kuka sumul, wani wari mai daɗi yana tashi a bayana. Da gari ya waye muka ɗaura buzu da matashi a mazaunin baya, aka ɗora Baba Jika. Hannunsa ba shi da ƙarfin riƙe ni, sai na fito da majanyin da Biba take goyon Husaina da shi, aka ɗaure mini shi a baya. Ya ce rabonsa da goyo tun kafin nasara su zo ƙasar nan, kuma uwarsa ba ta da gudu haka. Hawan dutse bai ba mu wuya ba. A yashin gulbi ne hankalina ya tashi, ƙafar baya tana tona, zafin inji yana ƙona mini ƙwauri, ina danna famfo ina karanta duk addu'ar da na sani. Na kasa kunne in ji tarin nan na ranar man gyaɗa, ban ji shi ba. Duk da haka da muka fita na tsaya a inuwar wani gawo na bar shi ya huce, ko da yake rana tana ɗagawa kuma zuciyata tana Tama. Tsohon ya sha ruwa ya ce in daina kallon sama, wanda ya ba da aron yana kwance a kabari ba ya sauri. Na buga sau ɗaya ya tashi, Ayuba, sau ɗaya tak.

Mun tarar da jama'a a fadama, Ɗan'azumi ya riga ya yi alwala. An ce Inna ce ta fara jin kukan moto tun muna bayan tudu, ta miƙe da gwiwar da ba ta ga mai ba ta yi guɗa. Na shigo tsakiyar taro da dattijo goye a bayana, har alƙali sai da ya rufe baki da rawani don dariya. Aka kwance Baba Jika, aka tallafe shi, ya dubi rijiya ya dubi tsohuwar tsamiya, ya nuna wani wuri da sandarsa. Ya ce a nan shi da Baba da mahaifin Ɗan'azumi suka binne fasasshen dutsen niƙa ranar da aka yi aron, don ya zama iyaka ta asali. Aka haƙa ba a ga komai ba. Ya ce ambaliya ta tara yashi, a ƙara. Mato ya karɓi hauyar ya sara, sai muka ji ta yi ƙara a kan dutse. Ɗan'azumi ya tsuguna ya taɓa dutsen, ya ce wallahi mahaifinsa bai taɓa gaya masa ba, ya gode wa Allah da bai kai ga rantsuwa ba. Na yarda da shi, na ce ya ci gaba da ɗiban ruwa a rijiyar kamar da. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar nan ba, na yi kuka a gaban mutane ban ji kunya ba. Fadamar Baba tana hannunmu, da rijiyarta.

Motonka yana nan lafiya. Na lura man zurma yana yin danƙo in ya kwana a ciki, don haka duk sa'ad da na dawo sai in tsiyaye shi tun inji yana da ɗumi. In akwai abin da na yi ba daidai ba, ka rubuto ka faɗa mini, zan ji, ko da yake ka san ba lalle in bi ba. Da ruwan farko ya sauka, ni da Ɗan'azumi muka shuka zurma a kan iyakar tun daga dutsen har tsamiya, ta zama shaida kuma ta zama abincin moto.

Biba da Husaina suna gaishe ka. Baba Jika yana sa maka albarka, ya ƙi komawa a raƙumi, ya ce sai goyo. Mato da Alhusaini da Ɗan'azumi duk sun ce in miƙa gaisuwarsu. Inna kuwa ta sa ina tayar da moton kowace Juma'a, ta zauna a ƙofar ɗaki ta rufe ido tana saurare har in kashe. An tace mata sabon mai, na ce bari in shafa mata, ta ce hannuna kaushi gare shi, Biba ta riƙa yi kafin mai yi ya dawo. Ta ce in gaya maka zurmar za ta nuna da kaka, kuma ta ajiye kwalba guda da ba wanda zai buɗe sai kai.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne wanka,
Halidu.