Kofin Ruwan da Matan Layinmu Suka Ƙi Sha

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sa gwiwar nan taki ta bar ki kina barci. Mu nan da godiya. Yara sun koma makaranta, ni kuma ina koyon zama a ɗaki babu ƙarar keken ɗinkin babansu.

Yaya, kwana biyu bayan rasuwarsa na gane abin da nake zaton ya faru. Gida cike da masu gaisuwa, ga zafi, na sa babbar yarinya ta zagaya da ruwa. Ina zaune a lungu ina kallon hannayen mutane, don na kasa kallon fuskoki. Danginsa da suka zo daga nesa suka sha. Abokan sana'arsa teloli suka sha har da neman ƙari. Amma tsofaffin matan layinmu, ko ɗaya ba ta kai kofi baki ba. Matar mai gidan da muke haya ta ce yanzu ta sha a gida. Mai kitso ta ce haƙori ke damunta, alhali tana taunar cingam. Dattijuwar da muke kira Uwar Layi ta karɓa ta yi godiya ta ajiye gefen ƙafarta. Sai jikarta 'yar shekara uku ta miƙa hannu za ta ɗauka, ta make hannun yarinyar da ƙarfi har mutane suka waiwayo. Muka haɗa ido, ta sunkuyar da kai. A nan na fara zargin ruwan rijiyarmu.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Kin ce an maido ɗanki Dogo aiki nan, matarsa da tsohon ciki, kuma dillali ya nuna masa gidan da ke jikin namu. Kin ce hankalinki ya kwanta, zan samu ɗa a kusa, kuma in haihuwa ta zo ina nan. Wallahi na yi kuka, don ba abin da nake so irin in ji motsin jinina a bayan katanga. Amma ki hana shi. Kada ya karɓi makullin gidan nan.

Na san kowa zai ce masa layinmu ya fi kowane layi a unguwar, kuma ido ma zai ce masa haka. Ga bishiyoyi gefe da gefe, ga kwalta, mota ba ta gudu, ga rijiya a kowane gida, ba ka jiran famfo. Abin da ya ruɗe mu ke nan shekara huɗu da suka wuce. Abin da ba a nuna wa baƙo shi ne doguwar katangar ƙarshen layi. A bayanta ake fasa tsofaffin baturan mota ana zubar da ruwan cikinsu a ƙasa. Kwatar da ke fitowa daga can ko ciyawa ba ta tsirowa a bakinta. Baban yara kuwa kin san shi, wuni yake a kan keke da jug ɗin ruwa a gefensa. Ya sha ce mini ruwan kamar mutum ya tsotsi makulli, ina masa dariya ina cewa yaushe ya zama mai tsotsar makulli. Daga baya ciwon ciki ya kama shi, hannu ya fara rawa har zare ya daina shiga masa allura, ƙafafu suka kumbura. Sau biyu likita yana tambayata ko yana aikin fenti ko na batir. Na ce tela ne. Ya dube ni, ya yi rubutu.

Yanzu abubuwa suke ta dawo mini. Duk tsofaffin layin daga tanka suke sayen ruwa. Da na tambaya tun zuwanmu, aka ce na wanki ne, wai na rijiya ba ya kumfa. Ni kuma na yarda. Mutanen da suka tashi daga gidan da ake son ba Dogo, an ce canjin aiki ne, amma mai shago ya taɓa suɓutar baki ya ce asibiti ne ya gajiyar da su. Da na sake tambayarsa jiya ya ce bai tuna ya faɗi haka ba.

Na je wajen Uwar Layi na tambaye ta ido da ido. Ta riƙe hannuna ta ce baƙin ciki ne ke sa ni ganin abin da babu, kwanansa ne ya ƙare. Sannan ta rage murya ta ce in yi hankali da bakina, mutane suna da ɗakunan da suke sa 'yan haya, bai kamata a ɓata sunan layi ba. Tun daga ranar nan, gaisuwar da maƙwabta ke mini ta ragu. Dillalin kuwa, wanda bai zo gaisuwar mutuwa ba, sai ga shi da fara'a wai ya ji Dogo ɗana ne. Ban san wa ya gaya masa ba.

Ba na rantsuwa a kan abin da ban tabbatar ba, Yaya. Karatuna bai yi nisa ba, kuma na san rai na Allah ne. Wataƙila ina zaluntarsu a zuciyata. Amma ba za a gwada da jaririn Dogo ba.

In ya ga lallai sai unguwar nan, ya duba layin masu walda. Akwai ƙara daga safe har yamma, sai kin ɗaga murya a ji ki, amma ruwan famfo suke sha kuma kowa a gabanki yake sha. Layin kan tudu ma yana da kyau, sai dai hawan zai wahalar da mai ciki, amma kwatar can ba ta hawa tudu. Na bayan makaranta ba laifi, in za su jure ƙwallo tana faɗo musu tsakar gida. Layin gangaren da ke ƙasan namu kuwa ko an yi masa sabon fenti kada ya kalle shi. Duk inda ya je, ya roƙi ruwa, ya ga ko mai gidan zai sha tare da shi. Ya leƙa bayan ƙofa ko akwai jarkoki a jere. Namu layin na ziyara ne, su zo su sha inuwa, su taho da ruwansu.

Ki gaida Inna, ki ce na ga saƙon zanin. Ki gaida Kawu da Gwaggo Ƙarama da Auta, da mai sunan Baba. Yara suna gaishe ki. Na hana su ruwan rijiyar, na sa kwaɗo a murfin.

Wata nas ta kwatanta mini ofishin da ake gwada ruwa. Na cika kwalba na ɗora a kan kekensa. Sau biyu ina ɗauka in kai bakin ƙofa in dawo, don in aka ce ruwan ne, ni ce nake cika masa jug ɗin kowace safiya da hannuna. Kwalbar tana nan, har yau ban kai ba.

Ƙanwarki.