Tumunina Yana Bayan Allo

Baban Bashir, assalamu alaikum.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, sai dai in na liƙa ta a jikin tarago.

Na fita takaba. Ƙanenka Alhaji Sani ya zo Barking da liman daga Tottenham aka yi rabon gado. Komai ya rabu lafiya sai jiragen ƙasanka na wasa. Ka taɓa ganin malami da rawani ya durƙusa yana leƙen tashar Zariya ta kwali, yana neman yadda zai fitar wa namiji kaso biyu, mace ɗaya? Abin da ka bar mana ke nan.

Bashir so yake a sayar gaba ɗaya. Ina masa Hausa yana ba ni amsa da Turanci, wai ɗakin da jiragen suke ciki yake so. Hauwa ta bi bayan yayanta. Wani Bature daga kulob ɗinku na masu jiragen wasa ya riga ya taya. Ka san abin da ya fi ɗaukar masa hankali? Ba tashar da ka kwashe shekaru kana fenti ba. Wurin nan na bayan allon da ke bayan tashar, inda jirage ke ɓuya su jira a sake fito da su, wanda kuke kira fiddle yard. Ya yi ta jan katakon yana turawa, yana yabon basirarka.

Basirarka! Ka manta? Kai layuka shida ka zana, kowanne da mararrabarsa, tsawonsu sai an cire kantar littattafaina. Na ce sai dai a cire ni. Ni na ja ka kicin na zaro durowar cokula, na nuna maka: a shimfiɗa layukan a kan katako ɗaya mai zamewa, a tura wanda ake so ya haɗu da babban layi, ba mararraba ko ɗaya. Rabin wurin ya ishe ka. Washegari ka tafi kulob ka ce dabarar ta zo maka ne a cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ni ce tube ɗin? Ban yafe ba, yau kake ji.

To, da liman ya zo kan tumunina, na ce a ba ni wannan katakon. Alhaji Sani ya yi dariya, wai Yaya Rabi ta bar taragu masu ƙyalli ta zaɓi falankin da ko fenti babu. Bai san in babu shi jirgi ba ya da inda zai shiga, ba ya da inda zai fito ba. Baturen ya sani. Ya janye tayinsa.

Yanzu Bashir ba ya gaishe ni sai da ƙyar. Ɗana na fari, a kan katako! Laifinka ne. Me ya hana ka zaunar da shi ka koya masa, maimakon kullum kar ya taɓa? Me ya hana ka jira mu tsufa in gama yi maka faɗan nan ido da ido?

Ba son jiragen nake ba, kar kanka ya kumbura. Amma abu ɗaya ke nan a gidan nan da ni da kai muka yi tare ba wanda ya sa mana hannu, kuma ba zai tafi garejin wani a Essex da sunanka kai kaɗai ba. Na gaya wa Bashir rabona a ɗaure yake da bango. In na mutu, su kira liman ya sake durƙusawa.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka. Sauran maganar sai mun haɗu.

Matarka da har yanzu ba ta huce ba,
Rabi