A Bar Mana Giginyar Tsagi

Daga: Barira Mati,
Gidan Marigayi Mati Mai Jirgi,
Dutsen Lalle, ta hanyar Wara.

Litinin, 24 ga Mayu, 1993.

Zuwa ga: Mai Girma Sakatare,
Kwamitin Ƙawata Ƙauyukan Bakin Tabki,
Yelwa, Jihar Kebbi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI KAN SHIRIN SARE GIGINYAR DA KE GABAN TSAGIN DUTSE A ƘAUYEN DUTSEN LALLE

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka da ma'aikatan ofishinka, ina neman izini in kawo kukana. Ni ce mai suna a sama, matar marigayi Mati Mai Jirgi, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Lahadi 10 ga Janairu na wannan shekara. Da hannuna nake rubutu. Rani biyu kawai na yi a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka inda baƙi ya karkace a yi mini haƙuri.

Ranar Juma'a 16 ga Afrilu da hantsi, ina cikin ɗaki ina takaba, ƙanwar maigidana Hajara ta shigo ko sallama ba ta gama ba. Ta ce mini an shafa wa giginyar tsagi jan fenti, wai mutanen Gwamnati za su sare ta su yi azarar rumfar baƙi da ita. Na ce mata ta daina wasa da mai takaba. Sai ta nuna mini tafin hannunta, ja wur, domin sai da ta taɓa don ta tabbatar. Ban sami damar fita ba sai ranar 18 ga wannan wata da na gama kwanakina. Na hau dutse na gani da idona, na kuma ji an sa ranar Litinin 7 ga Yuni, makon da ke bayan Babbar Sallah, ita ce ranar zuwan masu zarto. Dalilin wannan takarda ke nan.

Kafin in jera kukana, ina roƙon a bar ni in faɗi ko mu su wane ne, domin na lura ba a san tarihinmu daidai ba.

Asalinmu ba mutanen dutse ba ne. Garinmu na farko tsibiri ne cikin kogin Kwara, sunansa Gungun Lalle. Kakanni sun ce wani masunci ne ya fara kafa bukka a can, matarsa ta dasa lalle kewaye da ita don ya tare iska, lallen ya fi bukkar suna. A can aka haife ni, a can aka yi mini aure. Muna noman albasa a bakin ruwa, maza na su. Ko amaryar Yelwa in ana son ƙafarta ta yi baƙi sosai, lallenmu ake aikowa a saya.

A shekarar 1968 aka toshe kogi, aka ce mu tashi ruwa na zuwa. Gwamnatin wancan lokaci ta gina mana gidajen siminti masu kumburarren rufi a gindin wannan dutse. Mun gode, amma da rana ɗakin kamar tanda yake, shi ya sa har yau za ka ga awaki a ciki, mutane kuma a bukkokin da suka yi a gefe. Kowace mace ta haura da reshen lalle a ƙugunta. Ya kama, ya yi shinge, garin ya zama Dutsen Lalle. Abin da ba mu iya ɗaukowa ba shi ne maƙabarta. Innata tana can. Ɗiyata ta fari, Nafisa, wadda ƙyanda ta ɗauke tana da shekara biyu, tana can. Babu gidan da ba shi da nasa a ƙarƙashin ruwan nan.

Da muka ji sabuwar jiharmu ta Kebbi na son baƙi su zo kallon ƙauyukan bakin tabki, wallahi mun yi murna, har mata suka yi guɗa. Muna da abin nunawa. Akwai Dutsen Shanya, falale mai faɗi inda ake baza warangi, ƙananan kifin nan, ya yi ta walƙiya kamar an zubar da azurfa. Akwai kogon jemagu, wanda sai mai ƙarfin hanci. Akwai rijiyar da ke can saman dutse, ba ta taɓa ƙafewa ba, kuma ruwanta ya fi na tabki daɗi. Akwai dorina guda da ke fitowa bayan kwata, wato inda muke ɗaure jirage, mun sa mata suna Hajiya saboda ba ta gaishe da kowa sai an gaishe ta. In mutum ya tsaya a bakin tsagi da la'asar, zai ga jirage sun watsu kan ruwa har inda ido ya ƙare. Duk wannan a zo a gani, mu dafa wa baƙo kifi ya ci ya ƙoshi. Ba mu ƙi rumfa ba. Ga abin da muka ƙi:

1. An yanke wa giginya hukunci da tambaya biyu kacal. Ranar Alhamis 15 ga Afrilu, wakilinku Malam Hafizu ya zo da mutum uku. Mutumin kirki ne, kowa ya yaba gaisuwarsa. Ya tambayi Maigari Muhammadu ko giginyar tana da mai ita, aka ce babu. Ya tambaya ko tana 'ya'ya, aka ce namiji ce, ko muruci ba a samu daga gare ta. Duka amsoshin gaskiya ne. Sai ya ce to ga azara Allah Ya kawo har inda za a yi gini, ya sa aka shafa fenti. Bai tambayi aikin da take yi ba.

2. Ban ɓoye laifin mutanenmu ba. A garin nan ba a yi wa baƙo musu kafin ya ci abinci. Maigari da Sarkin Ruwa Ɗanladi da duk dattawan da ke wurin sun san abin da giginyar take, amma suka yi shiru suna jiran a sauke tukunya. Aka kawo tuwon shinkafa da giwan ruwa, Malam Hafizu ya ci ya yi santi. Yana wanke hannu hadari ya taso, direba ya ce in ruwa ya sauka mota ba ta fita hanyarmu, suka yi sallama a tsaye. Maigari ya bi motar yana ɗaga hannu, su kuma suka ɗaga masa nasu. Bayan mako biyu ya shirya ya tafi Yelwa don ya gyara. Ya dawo ya ce sun gaisa sosai da Malam Hafizu, ya tambayi gida da aiki da gajiyar ranar nan, yana shirin shiga magana sai wani baƙo ya yi sallama, shi kuma ya ga bai kamata ya tsare kujera ba. Na ce masa, Baba Maigari, kai da gaisuwa za a sare mu gaba ɗaya. Ya yi dariya ya ce to in rubuta, shi zai dangwala a ƙasa.

3. Aikin giginyar ba ya ganuwa daga tudu, sai daga cikin jirgi. Shekarun farko bayan tashinmu, in ruwa ya janye kafin sabon ruwa ya zo, kan kukar maƙabarta yakan leƙo, mu je mu ɗaure jirgi mu yi wa mamatanmu addu'a. A shekara ta biyar kukar ta fara ruɓewa. Surukina, uban Mati, ya ga in ta faɗi mun rasa wurin har abada. Ya ɗaure jirginsa a reshen da ya rage, ya juya ya dubi dutse, ya yini yana kallo. Sai ya lura daga nan, kuma daga nan kaɗai, kan giginyar yana zama daidai cikin bakin tsagin da ke bayanta, kamar an ɗora tulu a gammo. In ka yi dama ko hagu, ta fita daga tsagin. In ba ka kai ba, kanta yana sama da shi. In ka wuce, ya nutse ƙasa. Kukar ta faɗi da damina, amma wurin bai ɓace ba. Shekara ashirin ke nan, duk lokacin janyewar ruwa, jiragen garin nan suna fita a jere, a tsaya a wurin, liman ya yi addu'a, a shafa, a dawo ana raba ƙosai ana tsokanar wanda ya fi kowa tsoron Hajiya. Ba tsafi ba ne, ziyara ce.

An roƙi Malam Hafizu ya shiga jirgi ranar da ya zo, don yawon buɗe ido kawai. Ya dubi jirgin, ya dubi ruwan, ya ce takalminsa sabo ne. Ban faɗi wannan don in kunyata shi ba. Na san mutumin tudu ne. Amma da ya shiga, da ban ɓata maka lokaci da wannan takarda ba.

4. Wurin da aka kafa turakun rumfar ma kuskure ne. An sa su tsakanin giginya da tsagi, saboda nan ne iska ta fi daɗi. Ko an bar giginyar, rufin kwano zai rufe bakin tsagin. Taku talatin gabas akwai falale mai kyau, iskar ɗaya ce, kuma daga can an fi ganin kwata.

5. Na ji an ce za a kafa allo a rumfar a rubuta cewa daga nan ake hangen Tsohon Gari. Ranka ya daɗe, me za a nuna wa baƙon? Ruwa ne kawai, ruwa kuwa akwai shi tun daga Yelwa har Wara, ba sai ya sha wahalar hanyarmu ba. Wanda ke son Tsohon Gari sai a sa shi a jirgi a kai shi kansa, a ce masa nan ƙasanka masallaci yake, can kasuwa, nan inda muke tsaye iyayenmu ne. Giginya ce ke kai mutum. In aka sare ta, an gina rumfar kallon abin da aka ɓatar.

6. Wannan na ƙarshe nawa ne ni kaɗai. Bayan uban Mati, Mati ne ke jan jiragen ziyara. Bara da ƙafarsa ta fara kumbura, ya ce in zo in riƙe filafili, shi ya zauna a tsakiya. Mata ba su saba ja gaba ba, aka yi ta yi mana dariya daga sauran jirage, Sarkin Ruwa yana cewa yau Mati ya zama kaya. Ni kuwa sai leƙen ruwa nake, ko zan ga wani abu a ƙasa. Ya ce mini: "Barira, bar duban ruwa, babu abin da zai nuna miki. Dubi gida, ki riƙe giginya cikin tsagi." Na juya, na yi ta gyara har ta zauna. Ya ce to ga Inna, ga Nafisa. Shekara ashirin ina zuwa wurin a matsayin kaya, ranar ce na kai kaina. Bana dattawa sun ce ni zan ja gaba, domin idon Sarkin Ruwa ya yi rauni. Ruwa ba zai gama janyewa ba sai bayan ranar da kuka sa. Ina son in je in gaya wa Innata da ɗiyata cewa Mati ya riga ni, in yi masu addu'a a inda suke, ba a inda na yi tsammani ba.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon Mai Girma Sakatare:

Na ɗaya, a aika wa masu zarto kafin ranar 7 ga Yuni cewa an fasa.

Na biyu, a matsar da turakun rumfa taku talatin gabas. Samarin gari sun ce su za su tone su su sake kafawa, ba sai an turo kowa ba.

Na uku, in azara ce damuwa, marigayi ya bar guda goma sha huɗu a bayan ɗaki, busassu, na giginyar fadama, waɗanda ya tara don ya yi mana zaure. Ba za a yi zauren ba yanzu. Na ba da su, a yi rumfar baƙi da su, zai ji daɗi a ce baƙi na zama ƙarƙashin itacensa domin mutum ne mai son hira.

Na huɗu, a sake turo Malam Hafizu, ko kai da kanka in aiki ya bari, ranar ziyara. Ni zan tuƙa. Jirgin Mati faɗi gare shi, bai taɓa kifewa ba, kuma za mu ajiye takalmi a kwata. Wannan karon za mu yi magana kafin a ci abinci.

Ina kuma sanar da ofishinka, don kada a ce na yi abu a ɓoye, cewa tun ranar da na fita takaba, kullum in na yi sallar asuba na share gida, nakan ɗauki tabarmata da ƙwaryar gyaɗa in hau dutse in zauna a gindin giginyar ina ɓara har rana ta take. Ba faɗa na je yi ba, ba ni da ƙarfinsa. Ina so ne kawai in mai zarto ya zo, ya iske mutum a wurin da zai yi wa sallama. Gyaɗar ta kusa ƙarewa, Hajara ta ce za ta kawo tata.

Allah Ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci, Ya albarkaci sabuwar jiharmu, Ya jiƙan namu da naku.

Ni ce mai biyayya gare ka,

Barira Mati
Dutsen Lalle

Na ji an karanta mini, kuma haka abin yake:
Maigari Muhammadu (dangwalen babban yatsa)