Ɓarawon da Jarumi Ya Jefo Daga Bene

Bombay, 9 ga Afrilu, 1976

Zuwa ga Yaya Jafaru,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Inna? Yaya Hafsatu da yara, da aikinka a Samaru?

Ni lafiya lau, ina nan wurin masu shirya fim. Makon jiya aka ba da kyautar jarumin da ya fi iya wasa a bana, kuma jarumin fim ɗinmu ne ya ci. Ba a gayyace ni ba, a rediyo na ji. An ce faɗan da ya yi a kan bene ne ya burge alƙalai. To, ɓarawon da ya jefo ƙasa ni ne. Sau bakwai muka maimaita, a na bakwai hannuna na dama ya karye. Ya kusa warkewa, da hagu dai nake rubutu.

Roƙona ɗaya ne. Fim ɗin zai zo silimar Sabon Gari, kuma samarin unguwarmu, Hanwa, za su gane ni. Ka riga su zuwa wurin Inna, ka ce mata wasa ne kawai. Maganar hannun kuwa ta tsaya tsakaninmu.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Hamza